Wani jinkirin alheri ne, wani fa? Nazarin lamarin eFootball 2022 daga wani gidan gem a Sakkwato

Duk lokacin da wani kamfani ya ɗage ranar fitar da gem, gardama iri ɗaya ce ke tashi tsakanin masu bugawa. Wasu su ce gara a jira a samu abin kirki, wasu su ce jan rai ne kawai. Masu goyon bayan jira har suna da wata magana da ake jingina wa Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo, wai gem ɗin da aka jinkirta ƙarshenta zai yi kyau, wanda aka yi wa gaggawa kuwa ya ɓaci har abada. Ko wa ya faɗe ta, magana ce ta zamanin kaset da faifai, lokacin da in gem ya shiga kasuwa ya shiga ke nan, babu gyara. Yanzu kuwa yau a fitar da gem, gobe a turo gyaransa ta intanet.

In ana son a auna wannan gardama da abin da ya faru a zahiri, ban ga lamarin da ya kai na eFootball 2022 ba. Gem ɗin ƙwallon ƙafa ne, mutanenmu sun san shi tun yana amsa sunan PES, wato Pro Evolution Soccer. Sannan jinkiri biyu aka yi masa, ɗaya kafin ya fita, ɗaya bayan ya fita, kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba.

A Sakkwato in an ce gem, to ƙwallo ake nufi. Akwai masu buga na faɗa da na tseren mota, amma abin da ke riƙe gidan gem daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga Arkilla zuwa Gawon Nama, shi ne mutum biyu su ɗauki fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa gem, su fafata, wanda aka ci ya biya. PES na kamfanin Konami na Japan ya daɗe da kafa gwamnati a waɗannan shaguna. Asalinsa Winning Eleven ne da ya fara fita a 1995, sunan PES ya zo a 2001, kuma duk wanda ya yi zamanin PlayStation 2 ba zai manta da PES 6 na 2006 ba, wanda Adriano na Inter ke sakin ƙafar hagu daga nesa mai tsaron gida ya bi ta da kallo. Kamfanin bai taɓa mallakar lasisin ƙungiyoyi kamar yadda abokin hamayyarsa, gem ɗin FIFA na kamfanin EA, ya mallaka ba. Shekaru aka yi Chelsea tana London FC, Liverpool tana Merseyside Red, Manchester City tana Man Blue. Wannan bai dami kowa a nan ba, domin akwai faci: a ɗora a filasha, a zuba wa inji, sunaye da riguna su koma daidai, ɗan wasan da ya sauya kulob jiya ka gan shi a sabon kulob ɗinsa.

Gidan gem ɗin da na fi sani yana cikin wani lungu a Mabera. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, da benci biyu, da talabijin a jere a bango, da fanka da ke juya iska mai zafi. Janareta na waje an ɗaure shi da sarƙa. Mai wurin, wanda yara ke kira Oga, yana zama a bakin ƙofa da littafi mai layi, kowane wasa aka gama ya ja sanda ɗaya a gaban lambar talabijin. Fad ɗin PlayStation 4 guda biyu an naɗe su da salatif, robar sandar hagu ta cinye har ƙarfe ya fito, saboda yawan murza. Babu inji ko ɗaya a ɗakin da ke haɗe da intanet. A riƙe wannan, domin shi ne zai dawo ya zama ƙashin bayan lamarin.

Jinkirin farko

A watan Yulin 2020 Konami ya sanar da abin da bai saba yi ba: ba zai fitar da cikakken sabon PES a wannan shekarar ba. Abin da ya fita ranar 15 ga Satumba, 2020 shi ne PES 2021 Season Update, wato PES 2020 ne aka sabunta masa 'yan wasa da riguna, aka sayar a farashi mai rahusa. Hujjar kamfanin ita ce ya tattara ƙarfinsa a kan babban gem na sababbin injina, PlayStation 5 da Xbox Series, waɗanda suka fito a Nuwambar wannan shekara. Gem ɗin da aka saba yi a shekara ɗaya ya samu shekara biyu ke nan. In dai jinkiri shi kaɗai ke kawo inganci, ai nan ne wurin da za a gani.

Oga ma haka ya ɗauka. In yara suka dame shi da «Oga, yaushe za a kawo muna sabuwar PES?» sai ya ce, «Ku dai yi haƙuri, shekara biyu sunka ɗauka suna aiki. Wanga karon za ku ga abu.» Har ya fara lissafin sayen PlayStation 5. Farashinta a hukumance a lokacin dala 499 ne, amma ƙarancin sassan lantarki a duniya ya sa ko a Turai samunta aiki ne, ga dala ta haura naira 550 a kasuwar bayan fage a Satumbar 2021. Sai ya ce bari ya ga kamun ludayin gem ɗin tukuna.

Abin da ba a yi la'akari da shi ba shi ne inda ƙarin shekarar ta tafi. Ba ta tafi wajen goge abin da ake da shi ba. Tun daga PES 2014 ana gina gem ɗin a kan Fox Engine, injin da Konami ya ƙera wa kansa (inji a nan ba na'urar bugawa ba ce, manhajar da ake gina gem a kanta ce). Yanzu aka ajiye shi aka koma Unreal Engine na kamfanin Epic Games na Amurka. Mai bugawa ba ya ganin inji, amma duk abin da hannunsa ke ji daga can yake fitowa: nauyin ƙwallo, yadda take gudu a kan ciyawa, abin da ke faruwa in kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, lokacin da mai tsaron gida zai fito da lokacin da zai tsaya. Waɗannan abubuwa shekara da shekaru aka yi ana daidaita su kaɗan-kaɗan. In an sauya inji, yawancinsu sai an sake su.

Ba a nan aka tsaya ba. Ranar 21 ga Yuli, 2021 kamfanin ya bayyana cewa sunan PES ya kau, eFootball ya gaje shi. Gem ɗin zai zama kyauta, babu faifai, sai dai a sauke ta intanet. Zai yi aiki a PlayStation 4 da 5, da Xbox tsohuwa da sabuwa, da kwamfuta, da wayar hannu, kuma burin shi ne wata rana mai waya ya kara da mai PlayStation 5. Konami ya ce injinan gem yake fara ginawa dominsu sannan ya sauko kan waya, masu suka kuwa suka ce hoton da suke gani bai nuna haka ba. Ko ma wanne ne, an ƙara lokaci ninki biyu, an ƙara aiki ya fi ninki biyu: sabon inji, sabon salon neman kuɗi, injina daga mafi ƙarfi zuwa wayar aljihu. Ranar fitarwa kuma ba a taɓa ta ba, domin gem ɗin ƙwallo kakar wasa yake bi, kuma FIFA 22 na kamfanin EA zai fita ranar 1 ga Oktoba.

30 ga Satumba, 2021

Kwana ɗaya kafin FIFA 22, eFootball 2022 ya fito. Kamfanin da kansa ya riga ya amsa a Twitter cewa fitowar farko ta fi kama da ɗanɗano, sauran za su biyo baya. Amma ko a matsayin ɗanɗano, abin ya ba mutane kunya. Cikin sa'o'i hotuna suka cika intanet: Messi da rigar Ajantina ido a zazzare, Cristiano Ronaldo baki a karkace, ɗan wasa na gudu hannuwansa a miƙe ta baya, alƙalin wasa kwance yana sulɓi a kan fili, 'yan kallo kamar an yanko su daga kwali. Wanda ya riƙe fad kuma ya tarar da abin da hoto ba ya nunawa: ka danna fasin, ƙwallo ta tafi kamar ba ta so, masu tsaron baya su tsaya suna kallo. A shafin Steam, inda masu kwamfuta ke sayen gem suna faɗin ra'ayinsu, ya zama gem mafi ƙarancin yabo, ko kashi 10 cikin 100 bai samu ba a kwanakin farko. Shafin Metacritic, mai tattara makin masu sharhi, ya sa shi a matsayin gem mafi muni na 2021 da maki 25 cikin 100. Washegarin fitowarsa Konami ya fitar da sanarwar neman afuwa.

A Sakkwato labarin ta waya ya iso. Lokacin gwamnatin tarayya ta rufe Twitter tun watan Yuni, don haka ta Facebook da WhatsApp da YouTube aka riƙa ganin abin. A wasu sassan jihar ma ko wannan babu: kwana goma kafin nan gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda 'yan bindiga. Yaron da ke Isa ko Sabon Birni ko Goronyo, gem ɗin da aka ce kyauta ne amma sai an sauke shi, a wurinsa daidai yake da babu.

Wani ɗalibin jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke yawan zuwa shagon ne ya miƙa wa Oga waya da yamma, ya ce, «Oga, duba abin da kake jira.»

Oga ya kalli bidiyon ya sake kallo. «Wanga Ronaldo na?»

«Shi na, Oga.»

Ya yi dariya har ya dafa benci. Amma tambayar da ya yi bayan nan ba ta fuskar Ronaldo ba ce. «To Chelsea fa, tana ina?»

«Babu ta.»

«Madrid?»

«Ita ma babu. In babu intanet ƙungiya tara kaɗai ake zaɓa.»

«To mi za ni ce ma waɗanga yara?»

Ƙungiyoyin su ne Barcelona, Bayern Munich, Juventus, Manchester United, Arsenal, sai huɗu daga Kudancin Amurka: Corinthians, Flamengo, São Paulo da River Plate. Babu Master League, inda mutum ke ɗaukar ƙaramin kulob ya raine shi kaka bayan kaka. Babu wurin gyara sunaye da riguna, wato ƙofar faci ma an rufe ta. Duniya tana dariyar fuskoki, mai shago yana ƙirga ƙungiyoyi, kuma shi ne ya hango ainihin matsalar. Ɗan Chelsea a Mabera ba zai biya kuɗinsa ya ɗauki Arsenal ba, ko da fuskokin sun fi na hoton fasfo kyau.

Jinkiri na biyu

Alƙawarin farko shi ne gyara zai zo ranar 28 ga Oktoba. Aka ɗage shi zuwa 5 ga Nuwamba. A wannan ranar aka sanar da abin da ya fi girma: cikakken gem ɗin, mai lamba 1.0.0, wanda aka sa wa ranar 11 ga Nuwamba, ba zai fito ba sai bazarar 2022. An riga an sayar wa mutane wani ƙunshin 'yan wasa a kan dala 39.99 wanda ba zai yi amfani ba sai wannan sigar ta fito. Aka soke shi, aka mayar wa kowa kuɗinsa. Na waya ma aka ɗage shi.

Wannan jinkirin ya bambanta da na farko. An san abin da ya lalace, domin dubban mutane sun riga sun buga sun faɗa. Injin yana nan, ba za a sake sauya shi ba. Kuma babu wata ranar kasuwa da ake tsere da ita, tunda FIFA 22 ya riga ya cinye kakar. Ranar 14 ga Afrilu, 2022 sigar ta fito, watanni biyar bayan ranar da aka fara sa mata. A sanarwar da ta gabace ta kamfanin ya faɗi gaskiyar da ba kasafai kamfanoni ke faɗa ba: cewa hankalinsa ya tafi kan fitar da gem a kan lokaci har ya manta da inganci.

Kuma gyaran ya yi aiki. Ƙwallo ta ƙara gudu, an dawo da kiran abokin wasa ya taya ka matsa wa mai ƙwallo, an ƙara bangaza da kafaɗa, an kawo sababbin salon harbi da fasin masu ƙarfi. Aka buɗe Dream Team, inda kowa ke harhaɗa ƙungiyarsa ya kara da wasu ta intanet. A watan Yuni na waya ya biyo baya. Lokacin azumi ne da aka saki na injina, zafin Sakkwato ya kai inda ya kai, malaman jami'a kuma suna yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, wanda bai ƙare ba sai Oktoba. Ɗalibai na gida babu abin yi, kuma da na waya ya iso da yawansu suka rungume shi. Bayan shekara biyu gem ɗin da aka yi wa dariya ya kai matsayin da hukumar FIFA kanta, bayan rabuwarta da EA, ta ɗauke shi ta yi gasar kofin duniya ta gem da shi a Riyad a Disambar 2024.

Me ya sa wata biyar suka yi abin da shekara guda ba ta yi ba? Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san amsar. In tela ya ce ka ƙara masa mako, sai ka tambaye shi me ya rage. In aikin wuya ne da maɓalli da guga, makon zai yi amfani, kuma za ka ga bambanci. In kuwa ya warware rigar ne zai mayar da ita babbar riga, ga shi ya karɓi ɗinkin rabin unguwa, Sallah kuma ba za ta matsa ba, to makon nan ba naka ba ne. Tsawon jinkiri ba shi ne abin dubawa ba, abin da ya rage a yi shi ne.

Misalai biyu daga waje sun tabbatar da haka. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na Poland sau uku aka ɗage shi a 2020: daga 16 ga Afrilu zuwa 17 ga Satumba, zuwa 19 ga Nuwamba, zuwa 10 ga Disamba. A ƙarshe har kwana shida a mako aka sa ma'aikata suna aiki. Duk da haka ya fito a lalace a kan PlayStation 4 da Xbox One, har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet bayan mako guda, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. Gem ɗin ya fi ƙarfin tsofaffin injinan, kuma ɗagewar wata biyar, wata biyu, mako uku ba ta ƙara wa inji ƙarfi. Da kamfanin ya fitar da babban ƙarin gem ɗin a Satumbar 2023, bai ma sa shi a kan tsofaffin injinan ba. Nintendo kuwa ya ɗage Zelda: Tears of the Kingdom daga 2022 zuwa 12 ga Mayu, 2023, kuma furodusansa Eiji Aonuma ya bayyana cewa gem ɗin kusan a kammale yake lokacin da aka ɗage shi, shekarar ta tafi ne wajen gwaji da gogewa. Ya sayar da kwafi miliyan 10 a kwana uku.

Akwai kuma kuɗin jinkiri, wanda masu cewa «a jira kawai» ba sa lissafawa. Kowane wata da aka ƙara, albashin ma'aikata ne ba tare da ciniki ba, ga tallar da aka riga aka biya, ga masu hannun jari da ke jiran rahoton shekara. Gem ɗin labari yana iya fita a kowane wata. Gem ɗin ƙwallo da ya rasa farkon kaka ya bar wa abokin hamayyarsa fili. Ban ce wannan uzuri ne ba, amma shi ya sa aka saki abin da bai nuna ba.

Abin da jinkiri bai taɓa ba

Sigar Afrilu ta gyara wasan, ba ta gyara shagon Oga ba. Ƙungiyoyin da ake zaɓa ba tare da intanet ba sun ƙaru amma sun kasance taƙaitattu. Master League an yi alƙawarin zai zo a matsayin abin saye, shekaru suka shuɗe bai zo ba. Waɗannan ba kura-kurai ba ne da ƙarin lokaci zai kawar. Shawara ce aka yanke tun farko cewa kuɗin gem ɗin zai riƙa fitowa daga mutum ɗaya mai asusunsa da intanet ɗinsa, yana sayen 'yan wasa kaɗan-kaɗan. Gidan gem kuwa kasuwancin mutum biyu ne a benci ɗaya, a kan injin wani, da wutar janareta, kowa na son kulob ɗinsa yanzu-yanzu. Ko da an ɗage eFootball shekara biyar, ba don wannan ɗakin aka tsara shi ba.

A nan ne nake ganin masu gardamar suke tsallake tambaya guda: inganci a wurin wa? Ɗalibin da ke da waya mai ƙarfi da data ya samu gem ɗin ƙwallo mai kyau ba tare da ya biya ko kobo ba, kuma a wurinsa jinkiri na biyu alheri ne. Yaron da ba shi da waya, sai 'yan canjin da zai miƙa a bakin ƙofa, sabon gem ɗin bai ƙara masa komai ba.

Oga bai sayi PlayStation 5 a lokacin ba, bai kuma jawo intanet ba. Ya ce ba zai biya data da mai a lokaci ɗaya ba, kuma bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin janareta kaɗai ya ishe shi. Talabijin ɗaya ya mayar na FIFA, domin akwai masu son sa. Sauran ya bar su a kan PES 2021, wannan dai da aka ce na riƙon ƙwarya ne kafin babban ya iso. Kowace kaka ana kawo masa sabon faci a filasha, 'yan wasa su koma sababbin kulob ɗinsu, riguna su sauya. Cinikin ya ɗan ja baya, domin manyan samarin da suka fi kashe kuɗi da yawansu sun koma buga eFootball a wayoyinsu, wasu ma a bakin shagon suke zama suna yi, in caji ya ƙare su roƙi Oga ya jona musu.